Hannun Injiniya a Shafin Labule

Litinin, da hantsi

Da na kunna kwamfutar yau ban ga hoton 'yata ba. Wannan bai tayar min da hankali ba da farko, na ce ko wani abu na danna. Inda sunanta yake an rubuta "Mama", da hoton wani fure da ban san wanda ya zaɓa ba. Na shiga, na buɗe shafin shagonmu na intanet kamar kullum. Hotunan labule suna nan, da na rigunan kujera, da lambar wayata. Amma rubutun ba nata ba ne. Wasu haruffa ne a tsaye ƙyam, irin na jikin kwalin magani.

Na rufe na sake buɗewa. Na goge gilashin da gefen zanena, kamar ƙura ce ta rufe ta.

A nan na gane. Ba ranar da aka yi min waya ba, ba lokacin da gidan ya cika da masu ta'aziyya ba. Yau, da almakashi a cinyata, na gane Injiniya ba za ta shigo ta ce, "Mama matsa, me kika taɓa kuma?" ba.

Litinin, bayan la'asar

Bari in rubuta yadda abin yake, don in na je wurin mai gyara kada bakina ya rikice.

'Yata ce ta haɗa min shafin. Injiniya muke ce mata tun tana ƙarama, saboda rediyon babanta da ta kwance ta kasa mayarwa. Kwamfutar tsohuwa ce, wani ofis ya zubar ta tsinto. Ta sa mata wani tsari da ba a sayarwa, Linuks, ta ce mutane ne suka haɗu suka gina shi, kowa yana iya ɗauka ya gyara ya ba wani. Na ce to ashe akwai sauran masu kirki a duniya. Ta ce akwai, sai dai ba su iya gaisuwa ba.

Bara ta zauna a teburin da nake yanka yadi, ta zana gida-gida a farar takarda, ta rubuta haruffa ɗaya-ɗaya da baƙin alƙalami. Ta ɗauki hotonsu, ta daɗe tana gyara su a kwamfuta. Da ta gama, duk abin da aka buga a shafin sai ya fito da hannunta. Rubutun nan nata mai karkata hagu kamar mai tafiya cikin iska, da g ɗinta mai wutsiya kamar ƙugiyar labule. Ni zan buga "sabon yadi ya iso", amma ita ce za ta rubuta.

Wannan ne ya ɓace. Shi nake so a dawo min da shi.

Talata, da safe

Yau ma haka.

Talata, da azahar

Na tambayi babanta ko ya taɓa kwamfutar. Yana wanke motar da yake ja a ƙofar gida, bai juyo ba. Ya ce ran Asabar da na je wurin yayata ya kai ta wurin mai gyara na bakin titi, an ɗan yi mata gyara. Na ce me ya same ta da take buƙatar gyara? Ya ci gaba da goge gilashin da ya riga ya bushe.

Na koma shago. Tun da abin ya faru haka muke, magana ɗaya, biyu, sai kowa ya nemi abin da zai riƙe a hannu.

Laraba, da yamma

Na je wurin mai gyara. Shagonsa ƙarami ne, wayoyi sun yi tsibi a kan kanta, fanka tana kaɗa warin dalma. Mutum ne mai ladabi, ya miƙe ya ba ni kujerarsa. Ya ce maigida ne ya ce a cire sunan yarinyar da hotonta daga wurin shiga, a buɗe min nawa. Ya rantse bai zubar da komai ba, duk hotuna da takardun da ya gani a ɓangarenta ya kwashe su a filas, ɗan abin nan da ake soka wa kwamfuta a adana abubuwa, kafin ya share. Ya ba ni filas ɗin a cikin leda.

Na nuna masa shafin. Ya duba, ya ce lafiyarsa ƙalau, ga rubutu nan ana karantawa. Na ce ba shi ba ne. Ya canza burauza, wato abin da ake buɗe shafi da shi, ya share abin da ya kira tarkacen da take ajiyewa, ya kashe ya kunna. Haruffan kwalin magani suna nan.

Ya ce shi gaskiya wannan tsarin ba gwaninsa ba ne, in ina so ya goge duka ya sa min irin na kowa, in huta. Na rungume kwamfutar kamar za a ƙwace. Ya ce, "Yi haƙuri Hajiya, shawara ce kawai." Ya ƙi karɓar komai.

Alhamis

Na ɗinka labule falle huɗu na gidan malamar makaranta. Na farke biyu.

Juma'a, da hantsi

Matar mai kemis ta zo gwada rigunan kujera. Tana cikin surutunta na ce ta buɗe min shafin a wayarta, ko laifin kwamfutata ne kawai. Ta buɗe. Haruffan nan ne dai masu tsayuwa ƙyam.

Na ce ashe har a waya ya lalace. Ta ce me ya lalace? Na ce rubutun, da ai da hannun Injiniya yake fitowa. Ta ɗaga wayar kusa da idonta, ta nisantar, ta ce ita tun ranar da aka turo mata shafin haka take ganinsa, kuma ba sau ɗaya ta shiga ba, ita da take leƙawa ta ga ko na yi wa wata rahusa ban yi mata ba.

Na ce ba ta lura ba ne. Ta ce, "Maman Injiniya, ni da nake gane yadi na jabu daga tsallaken titi?"

Da ta tafi na roƙi mai kawo min zare ya duba a tasa. Shi ma ya ce haka yake tun da.

Ni da nake faɗa wa duk wanda ya shigo shagon nan, ku duba shafinmu ku ga rubutun 'yata. Suna cewa masha Allah, ya yi kyau. Ashe kara suke min.

Asabar

Ban kunna ba.

Lahadi, da safe

Na kunna. Cajarta tana nan a soket ɗin bayan keken ɗinki, ban cire ba. Na goge mariƙin ƙofar ɗakinta da tsumma, daga waje.

Babanta ya sayo burodi ya ajiye a kan teburin yanka, a kan yadin mutane. Da can da na yi faɗa.

Litinin, da azahar

Na nemo lambar ƙawarta, wadda muke ce wa Mai Gilashi. Tare suke zuwa wani zama da ake yi ran Asabar a bayan laburare, inda masu irin wannan tsarin suke haɗuwa suna gyara wa mutane kwamfuta kyauta. Tun ranar rasuwar ba ta sake zuwa gidan nan ba, kuma ban ga laifinta ba.

Ta ɗauka, na faɗi ko ni wace ce. Sannan ta ce, "Mama, ina wuni." Muryarta ta ƙi fita sosai. Na ce ba kuka na kira ki ki yi min ba, aiki ne. Ta yi 'yar dariya ta ce gobe za ta zo in ta tashi daga wurin aiki.

Talata, bayan la'asar

Ta zo. Ta daɗe a bakin ƙofa tana kwance igiyar takalmi, ta ƙi kallon ɓangaren ɗakin Injiniya. Na zaunar da ita a shago, na ba ta shayi.

Ta buɗe wata baƙar taga a kwamfutar mai farin rubutu, irin wadda Injiniya take buɗewa in ta ce kada a yi mata magana. Yatsunta suna gudu. Na juya na kama ninke yadi, don daga baya ƙeyarsu iri ɗaya ce.

Can ta kira ni. Ta ce shafin bai lalace ba. Shi shafi ba ya ɗauke da salon rubutu sai an ɗora masa. Suna kawai yake kira, ya ce a kawo masa salo kaza, in kwamfutar mai kallo tana da shi ta kawo, in ba ta da shi ta kawo wanda ya samu. Na ce kamar in aika a sayo min zare ruwan toka, in babu a kawo fari. Ta ce haka yake, Mama, da ke ce kike koyar da mu da mun fi ganewa.

Ta nuna min sunan da shafin yake kira. Ga shi nan a cikin tarin rubutu: hannuna-gwaji-3.

Ta ce fayil ɗin a kwamfutar nan kaɗai yake zaune, shi ya sa mu kaɗai muke gani. Injiniya ta sha faɗa mata za ta ɗora shi a shafin kowa ya gani in ta gama gyara tazarar haruffan, kullum sai ta ce saura kaɗan.

Muka duba filas ɗin mai gyara. Hotuna, takardun makaranta, waƙoƙi. Babu shi. Mai Gilashi ta cire gilashinta ta murje ido. Ta ce a wannan tsarin duk foldar da sunanta ya fara da ɗigo ba ta bayyana sai ka ce ta bayyana, kuma a irin wannan ake ajiye salon rubutu. Mai gyara ya kwashe duk abin da ya gani tsakani da Allah. Wanda bai gani ba ya tafi da ɓangarenta.

Ta ce kada in sake kunnawa, za ta tafi da ita ta gwada tono abin da aka share. Ta ce kada in sa rai da yawa, tun da an yi kwanaki ana amfani da ita. Na naɗe mata ita a cikin ragowar yadin labule mai kauri.

Laraba

Teburin babu komai. Na ajiye kwandon zare a wurin.

Alhamis, da safe

Abin da ban rubuta ba. Akwai wani wuri a shafin da ake buga rubutu a duba kafin a saki. Kullum da safe kafin in buɗe shago nakan buga layi ɗaya a wurin, in kalla, in goge. Ba na saki. Ba wani dogon abu ba ne. "Mama ina kwana." Wani lokaci, "Mama kin ci abinci?"

Na san ni nake bugawa. Ban haukace ba.

Asabar, da yamma

Mai Gilashi ta yi waya. Bai tonu ba. Ta ce sun taru a kansa su huɗu a zaman yau, har da wani dattijo da ya fi su duka sani, sun samu gutsattsari amma ba sa buɗuwa, an riga an rubuta wasu abubuwa a kansu. Tana ta ba ni haƙuri kamar ita ta share.

Na ce Allah ya yi muku albarka. Na ajiye wayar na shiga kicin na wanke tukwanen da na wanke da safe.

Lahadi, bayan azahar

Yau na yi abin da ban taɓa yi ba tun da aka kawo ni gidan nan. Na ɗaga masa murya.

Ya shigo yana tambaya ina kwamfutar. Na ce tana inda ka aika ta. Na faɗa masa duka, da rubutun, da foldar da ba ta bayyana, da abin da nake bugawa da safe. Na ce wa ya aike ka? Na ce ka tambaye ni? Ya tsaya riƙe da makullin mota.

Ya ce, "Kullum in na fito sallar asuba na dawo, ina ganin ki a gabanta kina share ido. Na ɗauka hoton ne."

Na ce, "Hoton wucewa nake yi ta gabansa in je wurinta."

Ya ce shi bai san rubutunta ba ne. Idonsa ba ya ganin ƙananan abubuwa a gilashin nan, yana ganin baƙi-baƙi ne kawai. Ya zauna a kan buhun auduga, babban mutum, gwiwoyinsa sun kusa kai haɓarsa. Ya ce, "Ashe ni na ƙarasa ta."

Na ce kada ya sake faɗin haka a gidan nan. Ban iya matsawa kusa da shi ba, amma ban fita ba.

Litinin

Bai ci abinci ba. Ni ma.

Laraba, da hantsi

Mai Gilashi ta iso ba ta ko yi waya ba, da kwamfutar a goye a jaka, tana haki. Ta ce ta tuna wani abu a cikin mota har ta wuce inda za ta sauka. 'Yan zaman nasu suna da wani wuri a intanet da kowa yake zuba aikinsa ko bai gama ba, don wani ya gani ya taimaka. Injiniya ta taɓa zuba na farko a can, gwaji na ɗaya, tun kafin ta inganta shi. Yana nan, ba wanda ya taɓa.

Ta saka shi a ɓangarena, ta gyara sunan da shafin yake kira, ta buga wani abu a baƙar tagar, ta ce in rufe burauza in buɗe.

Ga ta nan. Mai karkata hagu. Ga g da wutsiyarta.

Sai dai ba duka ba. A na farkon ƙananan haruffa kawai ta yi, babu manya, babu lambobi, babu masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ. Duk inda babu nata sai na kwalin magani ya shigo ya tsaya a tsakani, kamar an yi wa leshi faci da buhu. A wani wurin ma akwati ne kawai fanko. Na ce ko a haka na gode. Na ce ta ɗan fita ta duba min ko an kawo wuta a layin baya. Ta gane, ta fita.

Da ta dawo ta ce ana iya cike sauran. In aka samu inda Injiniya ta rubuta harafin da hannunta, ko a jikin mene ne, za ta ɗauki hoto ta bi layinsa ta saka. Ta ce littattafanta na makaranta za su wadatar. Ta kalli ƙofar ɗakin, ta kalle ni. Na ce bari mu fara da na waje.

Alhamis, da yamma

Ashe yarinyar nan ta rubuce gidan nan kaf ban lura ba. Ita da farin salatif ɗinta, komai sai ta manna masa suna. A makunnin wuta: "Fanka", "Waje", "Wannan ba ya aiki". A gwangwanin maɓallai: "Ƙanana". A jikin cajata: "Ta Mama, ɓarawo ya ji tsoron Allah". Ita ce ɓarawon.

A bayan ƙofar shago ta rubuta awon tagogin wani otal da fensir, ranar da na rasa takarda. Daga nan muka samu 1, 2, 4, 5 da 0. Na bi gidan da wayata ina ɗauka kamar mai neman hayar ɗaki. Na yi dariya sau biyu. Na farkon ya ba ni tsoro.

Juma'a, da safe

Na fito na tarar da abubuwa a jere a kan teburin yanka, an shimfiɗa musu jarida a ƙasa don kada su ɓata yadi. Robar maganinsa, da salatif a murfin: "Baba, 2 da safe. Ba 3 ba." Murfin akwatin fis na mota, ta rubuta wanne ne na fitila wanne ne na hon. Wani kati da ta liƙa masa a bayan madubi mai lambar bakanike, akwai 6, 8 da 9 a ciki. Har da tsohuwar rediyon nan da ta kwance, ban san yana ajiye da ita ba. A bayanta da rubutun yara: "Zan gyara."

Yana tsaye a ƙofa kamar wanda ya kawo kaya yana jira a duba. Ya ce ko za su yi amfani. Na ce B babba muke nema tun jiya, ga shi ka kawo. Ya ce to. Na ce akwai shayi. Ya ce to, ya shigo.

Talata, bayan la'asar

Mai Gilashi ta kawo wanda ta haɗa. Ta ce na salatif sun fi kauri, na fensir sun fi siriri, ta yi iya ƙoƙarinta ta daidaita, amma mai ido zai gane. Na ce ni ma in na haɗa yadi biyu mai ido yana ganewa, ba ya hana labule rufe taga.

Ta tambaye ni ko in ɗora shi a shafin yanzu kowa ya gani, ko in bar shi a gida kamar da. Ta ce duk wanda na zaɓa daidai ne. Na ce ita so take a gani. Amma ba za a fitar da ita da faci ba, sai ya cika. Ta ce to, kuma wannan karon ta ajiye shi wuri uku, har da filas ɗin da ta ce in sa a inda nake ajiye abin da ba na so ya ɓata.

Laraba, da safe

Na fito na same shi zaune a kujerata, gaban kwamfutar, ya sa gilashin karatuna a karan hanci. Bai san yadda ake shiga ba, yana zaune ne kawai. Na shigar da shi, na buɗe wurin da ake gwada rubutu, na ƙara girman haruffan har suka cika gilashin.

Ya ce me ake yi? Na ce ka buga abin da kake so.

Da yatsa ɗaya yake nema, harafi-harafi, yana kiran sunan kowanne a hankali. Na koma wurin keke na ba shi baya. Na daɗe ina jin ƙas, shiru, ƙas. Da ƙarar ta tsaya na waiga.

"Baba ka sha magani?"

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya tashi ya ɗauko robar a kan tebur, ya zazzago biyu, ya sha da ragowar shayina. Ya tambaye ni yadda ake gogewa. Na nuna masa. Ya ce gobe in ya dawo daga masallaci in bar masa ita a kunne.

Alhamis, da hantsi

Na kai labulen malamar makaranta. Na cire kwandon zare daga teburin.

Saura lamba 7, da Ɗ babba, da alamar tambaya, wadda take fitowa yanzu ta kwalin magani ce. Mun duba ko'ina a waje, babu. Suna cikin littattafanta. Ba a ɗora shi a shafin ba tukuna. Ban buɗe ɗakin ba.